Wa Zai Riƙe Fartanya? Tarihin Masu Aikin Gona Daga Gandun Nassarawa Zuwa Hotoro

 Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau maganar gona za mu yi. In ana zancen noma a rediyo ko a Facebook, yawanci taki ake kuka da shi, sai iri, sai tarakta, sai bashin banki. To akwai abin da ya riga duk waɗannan, wato hannun da zai yi aikin. Wa zai yi shuka? Wa zai sunkuya ya yi noman farko da maimai? Wa zai yanke gero ya ɗaure dami? Ka je Gezawa ko Warawa ko Dawakin Kudu da damina ka zauna da magidanta, ba za a jima ba za ka ji ana cewa yara duk sun tafi birni, 'yan ƙwadago kuma sun yi tsada. Wannan kukan za mu bi yau mu ga inda ya samo asali.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, a tarihin ƙasar Kano ba a taɓa yin lokacin da masu aikin gona suke zuwa haka kawai ba. Kowane zamani da irin igiyar da ta ɗaure mutum a gona. Wani zamanin tilas ce, wani zamanin alkawari ne tsakanin uba da ɗa, wani kuma kuɗi ne. Duk ranar da igiyar ta tsinke, mutum tafiyarsa yake yi.

Mu fara daga Hotoro. Yaron da aka haifa a nan bayan shekarar 2000, abin da ya buɗe ido ya gani shi ne daffon mai na NNPC, tankoki a jere, titin Maiduguri, titin Eastern Bypass, shaguna da gidajen bulo. Amma ka tambayi duk wani dattijo ɗan asalin wajen, zai gaya maka Hotoro ƙauye ne a bayan gari, gonakin gero da dawa da gyaɗa ne suka kewaye shi, kamar dai su Kawo da Giginyu da Mariri. Sunayen unguwannin Kano ma ba su ɓoye komai ba: Gandun Albasa, Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo, Tsamiyar Boka. Waɗannan ai sunayen karkara ne, birni ne ya zo ya same su.

Ita kanta Nassarawa da muke kira GRA yanzu, a ƙarni na 19 gandun sarki ce, tana cikin manyan gandayen sarautar Kano, irin su Fanisau da Ɗorayi da Gogel. Gidan sarki na Nassarawa yana nan har gobe. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, a wannan ɓangaren na gabas suka kafa mazauninsu, a nan kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909. Wato inda kuke ganin manyan gidaje da ofisoshi yau, a da mutane ne a duƙe suna noma wa fada hatsi. To su waye waɗannan mutanen?

Amsar ba ta da daɗin ji, amma tarihi ne: yawancinsu bayi ne. Wannan kuwa tsohon abu ne. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Galadima Dauda a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, cewa ya kafa garuruwa 21, kowanne da bayi 1,000. Ko adadin ya cika haka ko marubucin ya ƙara gishiri, abin lura shi ne tun a wancan lokacin masu mulki sun gane ƙasa tana da yawa, mutane ne ba su isa ba. Mai arziki shi ne mai jama'a. A zamanin Daular Usmaniyya abin ya ƙara faɗi. Masana tarihi irin su Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a faɗin daular. Ƙauyen da aka zaunar da bayi don noma ana ce masa rinji. A Kano manyan bayin sarki kamar Shamaki da Ɗan Rimi suna da hannu wajen kula da gandayen fada, a kowane gandu kuma akwai sarkin gandu mai tsaya wa aiki.

Tsarin aikin ma sananne ne. Ana fita da hantsi a yi aikin ubangida har zuwa azahar, daga nan bawa ya wuce 'yar gonarsa da ake kira gayauna. Baba ta Karo, wata dattijuwa da aka rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan zaman a rinjin danginta. Akwai kuma murgu, inda bawa zai riƙa biyan ubangidansa wani abu a kai a kai don ya bar shi ya yi sana'ar kansa. Wannan ita ce igiya ta farko, igiyar tilas.

Amma kada wani ya ɗauka duk noman ƙasar Hausa bayi ne suka yi shi. Talaka mai 'yanci yana da nasa gandun, kuma wannan ne ya fi shafar mu, domin shi ne kakanninmu da yawa suka tashi a ciki. Gandun gida shi ne uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, wani lokaci da ƙannensa, su haɗu su noma gona ɗaya, a zuba a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Mutane suna ɗauka biyayya ce kawai ta riƙe shi. A'a, akwai sharuɗɗa a kan kowa. Ɗa zai ba da ƙarfinsa tun safe har azahar duk damina. Shi kuma maigida wajibinsa ne ya ciyar, ya kawo iri da fartanya da garma, ya biya wa ɗansa haraji, ya ba shi gayauna da zai noma na kashin kansa da yamma, sannan babbar magana, ya yi masa auren fari. Bayan ransa kuma gonar ta zama gadonsu. Kun ga ai yarjejeniya ce, ko da ba a rubuta ta ba. Saurayi ya san abin da guminsa zai saya masa: mata, ɗaki, gona, da mutunci a gari.

In aiki ya fi ƙarfin gida, sai a kira gayya. A dafa abinci, a dama fura, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jeru a kunya kowa yana neman ya wuce ɗan'uwansa, 'yan mata suna kallo. Saurayi yakan tara abokansa su je su yi wa surukinsa noma. Manomin da ya tara dami 1,000 a shekara guda yakan yi bikin dubu, ya shiga sahun masu neman sarautar Sarkin Noma. Wato na duƙe yana da lada a rumbu, yana kuma da lada a idon jama'a.

Tafiya birni ma ba yau aka fara ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, amma ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da kasuwa ta fi ci, sukan kai 60,000 saboda baƙi. Cikin baƙin akwai fatake, akwai kuma masu cin rani. Dabarar cin rani mai sauƙi ce: bayan kaka babu aikin gona, to ka tafi ka ci abincin wani wuri, hatsin rumbu ya huta, ka samo 'yan kuɗi, ka dawo kafin ruwan shuka. Cin rani bai kashe gandu ba, taimakonsa ma ya yi, domin mai tafiyar yana dawowa a kan lokaci.

To sai Turawa suka zo, igiyar farko ta fara saki. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kama bayi da sayar da su, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda suke cikin bauta kai tsaye ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, bayi da yawa sun gudu, wasu rinjojin suka zama kufai. Wannan shi ne karo na farko a ƙarni na 20 da aka ga ƙauyuka sun watse an rasa masu noma. Turawa suka tsorata, don in babu noma babu haraji. Sai suka riƙa toshe wa masu gudu hanyar samun gona, suka tura su wajen alƙali su fanshi kansu da kuɗi. Da haka aka ja abin a hankali har 1936 kafin a soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Akwai wani sauyi da ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba. Wasu masana, ciki har da M. G. Smith da ya yi bincike a Zazzau, suna ganin matan da suka fita daga bauta sun guji aikin gona saboda a idonsu alamar bauta ce, shi ya sa kulle ya yaɗu har cikin ƙauyuka. Sai dai kada a ce mata sun fita daga harkar noma. Su ne a roron wake, su ne a sussuka da casa da shiƙa, su ne masu mai da ƙuli-ƙuli da daddawa.

Ana cikin haka sai ga jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu saboda masaƙun Ingila, amma manomin Kano ya yi nasa lissafin ya zaɓi gyaɗa: kuɗinta ya fi, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma yunwa ta zo ana iya cin ta. A 1913 gyaɗar da aka fitar ta kai wajen tan 19,000. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga tsakanin manoma da kamfanonin Turawa, har aka kai ga dalar gyaɗa da muke gani a hotuna.

Gyaɗa da harajin tsabar kuɗi sun shigo da sabuwar igiya, wato ƙwadago. Wanda ba shi da isasshiyar gona ko hatsinsa ya ƙare tun kafin kaka, sai ya je ya yi wa mai hali aiki a biya shi. Matsalar ita ce ranar da yake noma gonar wani, ita ce ranar da ciyawa take cin tasa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda wasu ke kira Kakalaba, ta koro mutane da yawa daga arewa, har daga ƙasar da take Nijar a yau, suka gangaro Kano neman abin kai wa baka. Cin rani kuma ya ƙara nisa. Wani bincike da R. M. Prothero ya yi a ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙirga sama da mutum 200,000 da suka fita ta hanyoyin lardin Sakkwato, wasu zuwa gonakin koko na ƙasar Yarabawa, wasu har Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. A gabas kuwa, Hausawa da Fulani masu tafiya Makka a ƙasa sun zama ginshiƙin aikin auduga a Jazira ta Sudan bayan an buɗe madatsar Sennar a 1925. Kun ga ashe mun daɗe muna cike wa wasu giɓin ma'aikata a gonakinsu.

Yanzu mu dawo kewayen birni, inda Hotoro take. A shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano. Abin da ya gani ya ba masana mamaki: jama'a a cunkushe, kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki da hannu. Da rani jakuna suna shiga birni da itace da kara, su fito da mangala cike da shara da kashin dabbobi a zuba a gona. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Irin wannan noman yana cin mutane sosai, gidan da ba shi da samari ba zai iya shi ba.

A farkon shekarun 1970 kuma Polly Hill ta zauna ta yi nazarin Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. Ta tarar da magidanta da yawa gonarsu ba ta isa ta ciyar da su ba, saboda rabon gado ya yayyanka ta. Ku tsaya a nan, domin nan ne gandu ya fara ciwo. Uban da gonarsa ba ta kai ta ciyar da gida ba, da me zai ba ɗansa gayauna? Da me zai yi masa aure? In maigida ya kasa cika nasa ɓangaren, da wane baki zai hana yaro tafiya?

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfani ya kashe dabbobi. A 1975 cutar gyaɗa ta gama da abin da ya rage, dala ta zama tarihi. A daidai lokacin kuɗin fetur ya shigo, ana gine-gine ko'ina, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna ɗaukar ma'aikata. Leburan gini yana karɓar kuɗinsa da yamma, manomi kuwa sai ya jira wata huɗu, kuma bai san ko ruwa zai kai ba. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka shiga aji a lokacin da a da suna kiwo ko kai taki. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci yin ta, sai dai a lura cewa biyan harajin ɗa yana cikin abubuwan da uba yake riƙe shi da su a gandu.

Sai kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓi gona don yin unguwa ko hanya, diyyar amfani da bishiyoyi da gini ake biya, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Manomin gefen birni da ya ga haka sai ya yi wa kansa lissafi: gara in yanka ta in sayar da kaina kafin a zo a karɓe. Nan awon igiya ya samo kasuwa. Haka gonakin Hotoro da Ɗorayi da makamantansu suka koma fuloti ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sayi gona a can gaba da kuɗin, wani ya tafi Makka, wani ya ƙara aure. Jikokinsu su ne yau direbobi, magina, masu shago, 'yan Adaidaita Sahu. Su waɗannan ko ƙafa ba su ɗaga ba, suna zaune birni ya zo ya raba su da fartanya.

Gwamnatoci sun ga abin, kowacce ta zo da nata maganin. Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa na OFN a 1976. Shagari ya kawo juyin noma a 1980. A farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA a Kano da tallafin Bankin Duniya. Gwamnatin soja ta Buhari ta yi kiran a koma gona, Babangida ya kafa DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara, a 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi. Yawancinsu taki da iri da bashi suka sa a gaba. Tambayar wa zai yi aikin, kuma me zai samu, ba ta cika shiga lissafi ba.

Wanda ya taɓa wannan tambayar da gaske shi ne aikin ruwa. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, ruwanta ya shiga Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Aikin yana da nasa matsalolin, an tashi mutane daga garuruwansu, masu hali kuma sun fi cin moriyarsa. Amma ku je Kura ko Kwanar Gafan da rani ku gani. Lokacin da wasu ƙauyukan suka zama sai tsofaffi da mata da yara, can cike yake da samari: masu dashen shinkafa, masu tsinkar tumatir, masu lodi, masu gyaran injin ban ruwa. Har daga wasu jihohin ake zuwa. Wato cin rani ya juya, maimakon a fita, shigowa ake yi. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa matasan yanzu ragwaye ne. Saurayin da yake tura kurar ruwa a Hotoro tun asuba, ko yake dako a Dawanau da buhu a ka, ba za a kira shi rago ba. Lissafi ya yi, ya bi inda guminsa yake da farashi.

To shin ƙauyukanmu sun zama kufai ne? A nan sai an yi hankali. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna a 1960 kusan mutum 85 cikin 100 na 'yan Najeriya a karkara suke, yau kuwa ba su kai rabi ba. Birnin Kano da yake da mutum wajen 130,000 a ƙidayar 1952, yanzu ana ƙiyasta shi da sama da miliyan 4. Duk da haka, yawan mutanen karkara bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, saboda haihuwa. Namu ya bambanta da na Japan, inda matsakaicin shekarun manomi ya haura 65 har suna ɗauko ma'aikata daga Biyetnam, ko Sifen da Italiya, inda 'yan Afirka ne suke tsinkar musu tumatir. Su mutanen ne babu. Mu kuwa mutane suna nan, amma masu ƙarfin ba sa nan a makonnin da aka fi buƙatarsu. Noman damina ba ya jira. In ruwan shuka ya sauka, kwana biyu zuwa uku ne. In ciyawa ta taso, mako biyu na jinkiri ya isa ya rage maka dami. Ɗan cin ranin da, yana jin hadari ya haɗu zai ɗaure kayansa. Na yanzu yana Legas ko Abuja ko Fatakwal, yana da babur na bashi da yake biya duk mako, ko shagon da in ya rufe wani zai maye wurin. Sai ya turo kuɗi ta waya a ɗauki 'yan ƙwadago.

Haka aikin ya koma. Gayya ta ja baya, jinga ta maye gurbinta, a yi ciniki a kan gona kaza kuɗi kaza. Maganin feshi ya karɓi wani kaso na aikin fartanya, garmar shanu ta karɓi huɗa, mai hali ya ɗauko hayar tarakta. 'Yan ƙwadago suna zuwa daga Jigawa da Katsina da Damagaram da Maraɗi. Wanda ɗansa yake turo kuɗi gonarsa takan yi kyau. Wanda ba shi da kowa a birni, shi ne zai bar tasa ya tafi ta wani, ko ya ba da ita jingina, daga jingina kuma sai sayarwa. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa mazaunin Nassarawa GRA yana da gona a Gezawa ko Wudil, wanda yake noma masa ita kuma wataƙila a gonar aka haifi ubansa.

Inda ake samun kufai na gaske a yau, tsoro ne ya kawo shi. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai garuruwan da 'yan bindiga suka tasa, akwai inda sai an biya su kafin a yi shuka ko girbi. A watan Nuwamban 2020, a Zabarmari ta jihar Borno, an kashe aƙalla mutum 43 suna yankan shinkafa, kuma rahotanni sun ce da yawansu 'yan ƙwadago ne da suka taso tun daga jihar Sakkwato. Allah Ya ji ƙansu. Ku duba nisan da talaka yake yi don neman gonar da za ta biya shi, da irin abin da yake sa ransa a ciki.

To jama'a, in mun tattara, me tarihin nan yake gaya mana? Igiyar tilas ta tafi, kuma Allah Ya raka taki gona. Igiyar gandu ta yi rauni saboda gona ta ƙanƙance, uba ba ya iya cika alkawarinsa. Abin da ya rage shi ne kuɗi, shi kuwa kuɗi ba ya riƙe mutum sai na yini ɗaya. Don haka duk mai cewa matasa su koma gona, sai a tambaye shi: wace gonar? Ta wa? In saurayi ya zuba mata taki shekara uku, wa ya tabbatar masa ba za a karɓe a yanka fuloti ba? Da rani me zai yi? In ya noma, farashin zai fitar masa da kuɗin taki? Zai kwana a garinsu ba tare da fargaba ba? Kakanmu ya zauna a gandu ne saboda ya ga aure da gona da mutunci a ƙarshen kunya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da noma ya sake yi wa saurayi irin wannan alkawarin, kuma ya cika, ba sai an yi masa wa'azi a rediyo ba.

Ga ɗan aikin gida kafin shiri na gaba. In kana da kaka ko wani dattijo a kusa, tambaye shi ina gonar gidanku take, su wa suke noma ta lokacin yana yaro, kuma yanzu me ke wurin. Ku rubuto mana abin da kuka ji a ƙasan wannan rubutun, da sunan garin ko unguwar. Waɗanda kuma suke noma yanzu, ku gaya mana yadda kuke samun masu aiki a wajenku, da ko gayya tana nan da ranta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.